Babi na Tara: Bayan Wuƙa, Sai Ido

A babin da ya gabata mun tsaya a ƙofar ɗakin tiyata. Mun ga abin da ke kai mai cutar Crohn hannun likitan fiɗa: ko hanji ya tsuke abinci ya daina wucewa, ko ya huje ya tara mugunya, ko ya buɗe wata ɓarauniyar hanya zuwa mafitsara ko fatar ciki yana yoyo. Aikin da aka fi yi shi ne a yanke ƙarshen ƙaramin hanji tare da farkon babban hanji, wajen da afendis yake, domin nan cutar ta fi kafa sansani. Sai a jawo bakin hanjin nan biyu masu lafiya a haɗe su, ko da zare ko da ƙananan ƙusoshin ƙarfe. Wannan wuri da aka haɗe za mu riƙa kiransa mahaɗa, kuma yawancin zancen wannan babi a kanta yake.

Idan aiki ya yi kyau, sauyin da ake gani ba ƙarami ba ne. Mutumin da ya shekara yana tsoron tuwo sai ga shi yana neman ƙari. Murɗar ciki ta tafi, kumatu sun ciko, 'yan dubiya suna ta barka da arziki. To a daidai wannan lokaci ne likita zai sa masa rana, wata shida nan gaba, ya ce ya dawo a leƙa hanjinsa da na'ura. Abin da likitoci suka saba ji shi ne: "Likita, ai na warke. Me kuma za a nema?" Tambaya ce ta mai hankali. Mutum ya sha wuya, ya kashe kuɗi, babu abin da ke damunsa, gwajin da ake kiransa ya yi kuma ba mai daɗi ba ne. Masana kansu sai da suka haura shekara 50 kafin su sami amsarta.

Abin da aka gano a Leuven

A 1932 ne Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu, Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer, suka bayyana cutar daga asibitin Mount Sinai na birnin New York, da labarin majinyata 14. A lokacin ana kyautata zaton ciwo ne na yanki guda: a yanke yankin, a huta. Ba a daɗe ba majinyata suka fara dawowa, wasu bayan shekara biyu, wasu bayan goma, da irin kukansu na farko. Likitocin fiɗa suka ɗauka laifin wuƙarsu ne, sun bar saura. Sai suka shiga yanka da faɗi, suna haɗawa da lafiyayyen hanji ta sama da ta ƙasa. Hakan bai hana cutar dawowa ba, sai ma ya bar wasu da guntun hanjin da ba ya iya tsotse abinci yadda ya kamata. A 1996 wani gwaji da Victor Fazio ya jagoranta a Cleveland ta Amurka ya rufe wannan zance. An kwatanta waɗanda aka ƙara musu santimita 2 na lafiyayyen hanji a yankan da waɗanda aka ƙara wa santimita 12, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba.

Babban cikas na likitocin farko shi ne rashin ido. Iyakacin abin da za su iya, su ba mutum wani farin ruwa mai kauri ya sha a ɗauki hoton cikinsa, hoton kuwa ba ya nuna komai sai ɓarna ta yi nisa. Sai a 1969 William Wolff da Hiromi Shinya suka fara zura doguwar na'ura mai lanƙwasa tana bin babban hanji tun daga dubura har farkonsa. Wannan gwaji shi ake kira kolonoskofi, wato leƙen hanji.

A jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam, wani likitan ciki mai suna Paul Rutgeerts ya ɗauki wannan na'ura ya yi abin da a idon mutane zai zama ɓata lokaci: ya riƙa leƙa hanjin waɗanda aka yi wa aiki, har da masu cewa lafiyarsu ƙalau. Ya fitar da rahoton farko a 1984, sannan a 1990 ya fitar da wanda ya sauya aikin likitocin ciki a duniya. Majinyata 89 ya bi. Kafin shekara ta zagayo, kashi 73 cikin 100 sun riga sun sami sababbin ƙuraje a hanji, amma kashi 20 ne kaɗai ke jin wani abu a jikinsu. Bayan shekara uku masu ƙuraje sun kai kashi 85, masu kuka kuwa kashi 34.

A taƙaice, cikin mutum goma da aka yi wa aiki, bakwai cutar ta dawo musu a shekarar farko, biyu ne kawai suka sani. Irin cin wutar ƙaiƙayi take yi, sama toka, ƙasa garwashi. Kuma ƙurajen ba a ko'ina suke fitowa ba. Kusan kullum a mahaɗa suke, da 'yan santimitocin ƙaramin hanji da ke bisanta, wato a naman da likitan fiɗa ya duba da idonsa ranar aiki ya ga lafiya lau. Ba saura aka bari ba. Sabuwar cuta ce ta tsiro a sabon wuri.

Me ya sa a mahaɗa?

Mutanen Leuven ba su tsaya a nan ba. A 1991 suka ba da labarin majinyata biyar da aka yanke musu hanji aka haɗe, amma aka buɗe musu ƙofar wucin gadi a fatar ciki, sama da mahaɗar, ta yadda bayan gida ke fita cikin leda ba tare da ya bi ta wurin ɗinkin ba. Bayan wata shida aka leƙa, babu ƙurji ko ɗaya. Aka rufe ƙofar, abin da ke cikin hanji ya koma bin hanyarsa. Da aka sake leƙawa bayan wata shida, duka biyar ɗin cutar ta dawo musu. A 1998 Geert D'Haens, shi ma daga Leuven, ya ƙara matse zancen: ya ɗebi ruwan hanjin majinyata uku ya zuba a sashen da aka keɓe, cikin kwana takwas alamun kumburi suka bayyana a naman da aka duba a ɗakin gwaji.

Abin da wannan ya nuna shi ne, rigimar tsakanin garkuwar jikin majinyaci ce da abin da ke gudana a cikin hanjinsa, musamman ƙwayoyin bakteriya da kowane ɗan Adam ke ɗauke da su. Wuƙa ta cire naman da ya lalace, amma ba ta sauya halin garkuwar ba. Ga shi kuma aikin ya tafi da wata 'yar ƙofa da ke tsakanin ƙaramin hanji da babba, wadda ke rage komawar abin da ke ƙasa zuwa sama. Masana da dama na ganin rashinta na sa ƙwayoyin babban hanji su yi yawa a sabon ƙarshen ƙaramin hanji, inda da can ba su da yawa haka.

Akwai kuma ɗaya gefen matsalar, wanda ba a cika faɗa ba. Kamar yadda shirun ciki ke yaudara, haka kukansa ma ke yaudara. Sashen da aka yanke shi ne ke tsotse ruwan ɗaci da hanta ke zubowa. In babu shi, ruwan sai ya gangara babban hanji ya jawo zawo kamar famfo, alhali babu ƙurji ko guda. Tabon aiki yakan sa hanji ya manne da juna ya kawo murɗa. Wanda aka ɗora wa magani mai ƙarfi saboda irin wannan kuka, an cuce shi. Saboda haka ko ciki ya yi shiru ko ya yi ƙara, gani ya kori ji.

Ranar leƙe

An fi sa ranar tsakanin wata shida zuwa shekara guda bayan aiki. In aka yi gaggawa, ɗinkin bai gama warkewa ba, jan da ke wurin zai rikita mai duba. In aka yi jinkiri, an ba cutar fili.

Rabin nasarar gwajin a gida ake yin ta. Ƙurajen da ake nema ƙanana ne ƙwarai, ɗan guntun bayan gida ya isa ya rufe su. Kwana biyu ko uku kafin ranar, mutum zai bar ganye da wake da duk abinci mai dusa ko ƙananan 'ya'ya. Mai shan ƙwayar ƙarin jini zai dakata da ita tun kusan mako guda, domin tana baƙanta hanji. Jajibirin ranar sai ruwa-ruwa marar kauri, kuma ban da zoɓo da duk wani jan abin sha, kada a ɗauke shi jini ne. Daga nan sai ruwan wankin ciki, lita biyu zuwa huɗu gwargwadon irinsa, yawanci rabi da yamma rabi da asuba, har sai abin da ke fita ya zama ruwa garai-garai. Mai ciwon sukari da mai shan maganin tsinka jini su faɗa wa likita tun da wuri, a gyara musu tsarin maganinsu.

A ɗakin gwaji mutum zai kwanta ta gefen hagu, a rufe shi da mayafi, a yi masa allurar da za ta sa shi gyangyaɗi ta rage zafi. Kunya na cikin manyan abubuwan da ke hana mutane zuwa, don haka babu laifi a tambaya tun farko ko akwai ma'aikaciya mace ga mai son haka. Na'urar kaurinta kamar ɗan yatsa, tsawonta ya ɗan haura mita ɗaya da rabi. A bakinta akwai fitila da kyamara, da wata siririyar kafa da ake tura ruwa ko ɗan hantsaki. Likita na hura iska kaɗan-kaɗan don hanji ya buɗe, yana kallon allo, yana bin babban hanji har ya iso mahaɗa. Isowa mahaɗa ba shi ne ƙarshen tafiya ba. Dole ya tsallake ta ya shiga sabon ƙarshen ƙaramin hanji ya duba shi da kyau, domin rahoton da ya tsaya a babban hanji bai amsa tambayar da aka zo da ita ba. Zai gutsuri nama kamar ƙwayar gero a wurare kaɗan a kai ɗakin gwaji, kuma wannan gutsura ba a jin zafinta. Duka-duka kimanin rabin awa ne. Hujewar hanji ko zubar jini na iya faruwa, amma da wuya ƙwarai. Saboda allurar, sai an zo da ɗan rakiya.

Matakai biyar

Ganin ƙuraje kaɗai bai isa ba, sai an san waɗanne ne ke da haɗari. Babbar gudummawar rahoton 1990 ita ce ma'aunin da har yau ake kira da sunan Rutgeerts. Mai karatu da ya taɓa riƙe takardar sakamako zai ga ƙaramin harafin i da lamba a gefensa.

Matakin i0 shi ne babu komai: fatar cikin hanji sumul, jijiyoyin jini na bayyana ta ƙarƙashinta. Matakin i1 shi ne ƙananan ƙuraje da ba su wuce biyar ba, irin waɗanda kan fito wa mutum a cikin leɓe, fari a tsakiya ja a kewaye. Matakin i2 ya tattara abu uku: ƙuraje fiye da biyar amma da lafiyayyen nama a tsakaninsu, ko manyan gyambuna jefi-jefi, ko gyambon da ya tsaya a kan mahaɗa kaɗai. A matakin i3 ƙurajen sun bazu, naman da ke tsakaninsu ma ya kumbura ya yi ja. A matakin i4 kumburi ya game wuri, ga manyan gyambuna, ga ƙulu-ƙulu, ko hanyar ta fara tsukewa.

Amfanin ma'aunin shi ne yana hango gaba. Rutgeerts ya ga yawancin masu i0 da i1 sun yi shekaru ba su ji komai ba, yawancin masu i3 da i4 kuwa ciwo ya dawo musu cikin 'yan shekaru, kuma daga cikinsu ne aka fi samun masu komawa ɗakin tiyata. Shi ya sa aka ja layi a i2: daga nan zuwa sama, a wurin likita cutar ta dawo, ko da majinyaci na buga ƙwallo.

Matakin i2 ɗin nan shi ne wurin gardama. Gyambon da ke kan layin ɗinki ba lallai ne ya zama na Crohn ba. Yana iya zama na ƙarancin jinin da ke isa bakin yankan, ko na ƙusoshin ƙarfen da aka haɗe hanjin da su. Saboda haka aka raba matakin gida biyu: i2a ga abin da ya tsaya a mahaɗa, i2b ga ƙuraje fiye da biyar a cikin ƙaramin hanji. Kan i2b bakin likitoci ya fi zuwa ɗaya cewa a ƙara magani. Kan i2a har yanzu bincike ya rabu, wasu sun ga bambanci tsakaninsa da i2b, wasu ba su gani ba. Yawanci akan duba sauran halin majinyacin, a kuma matso da ranar dubawa ta gaba.

Wani abin lura shi ne salon haɗa hanji ya sauya tun bayan 1990. A da an fi haɗa baki da baki da zare. Yanzu an fi jera hanjin biyu gefe da gefe a maƙale su da na'ura, ga kuma salon da likitan Japan Toru Kono ya ƙirƙiro a 2003. Kowane salo da kamanninsa a allo, kuma wanda bai san irin aikin da aka yi ba yana iya ɓata hanya ko ya kira tabon ɗinki cuta. Ko ƙwararru biyu ma sukan kalli hoto guda su saɓa wajen ba shi mataki. Shi ya sa kyakkyawan rahoto ba lamba kaɗai yake bayarwa ba. Yana faɗin adadin ƙurajen, da girmansu, da inda suke, da nisan da na'ura ta shiga, yana kuma haɗawa da hotuna.

An gani, sai me?

Shekara 25 bayan rahoton Leuven na 1990, akwai tambayar da ba a amsa ba: shin leƙawa da wuri da ƙara magani na sauya wani abu, ko kuwa ɗora wa mutum damuwa ne kawai? Amsar ta zo a 2015 daga wani gwaji da aka sani da suna POCER, wanda Peter De Cruz da Michael Kamm na Melbourne suka jagoranta a asibitoci 17 na Ostireliya da New Zealand. Majinyata 174 aka ɗauka. Kowa ya sha metronidazol na wata uku bayan aiki. Masu haɗari da yawa, wato masu shan taba, da waɗanda cutarsu ta taɓa huda hanji, da waɗanda ba wannan ne aikinsu na farko ba, an ƙara musu maganin da ke lafar da garkuwar jiki, irin su azatayofirin, ko allurar adalimumab ga wanda jikinsa bai karɓi na farko ba. Daga nan aka raba su. Mutum 122 aka leƙa hanjinsu a wata na shida, wanda aka samu da i2 ko fiye aka ƙara masa ƙarfin magani. Sauran 52 aka bar su a kan maganinsu ba leƙe. A wata na 18 aka duba kowa. Cutar ta dawo wa kashi 49 cikin 100 na rukunin farko, da kashi 67 na rukuni na biyu.

Mai karatu zai ce kashi 49 ma ai da yawa. Gaskiya ne, kuma gwajin ya nuna wani abu da ya kamata a riƙe: wasu da aka samu sumul a wata na shida, cutar ta bayyana musu a wata na 18. Sakamako mai kyau hutu ne, ba sallama ba. Akan sake dubawa bayan shekara ɗaya zuwa uku. Gwajin ya kuma tabbatar da tsohon zance kan taba: masu shan ta haɗarinsu ya fi na marasa sha ƙwarai. Cikin duk abin da ke jawo dawowar cutar, ita ce kaɗai ke hannun majinyaci ɗungurungum.

A 2016 wani gwajin, PREVENT, ƙarƙashin Miguel Regueiro, ya gwada allurar infiliksimab kan majinyata 297. Bayan mako 76, dawowar cutar a idon na'ura ta kasance kashi 22 ga masu allurar, kashi 51 ga waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta. Amma ta fuskar abin da majinyata ke ji a jika, tazarar ba ta taka kara ta karya ba, kashi 13 da kashi 20. Da kukan majinyata kaɗai aka saurara, da an ce maganin bai yi wani aiki ba.

Na'urar ba ido ce kawai ba, wani lokaci hannu ce. In mahaɗa ta tsuke, tsukewar kuma gajera ce da ba ta kai santimita 5 ba, akan zura 'yar balan-balan ta cikin kafar na'ura a hura ta a faɗaɗa wurin. Da yawa sun tsira daga aiki na biyu, ko sun jinkirta shi da shekaru, ta wannan hanya.

Tsakanin leƙe da leƙe

Ba mai son shan ruwan wankin ciki duk bayan wata uku. Shi ya sa ake amfani da gwajin bayan gida mai suna kalfurotaktin, wani sinadari da fararen ƙwayoyin jini ke zubarwa inda hanji ya kumbura. A cikin majinyatan POCER an ga cewa in adadinsa bai kai 100 ba, kusan tara cikin goma babu cutar a hanjinsu. Ƙarfinsa ke nan: in ya yi ƙasa, hankali ya kwanta. In ya hau, ba ya faɗin dalili, domin atuni da sauran cututtukan zawo da magungunan ciwon jiki duk suna ɗaga shi. Hoton ciki na sikanin da na MRI suna nuna kaurin bangon hanji da mugunyar da ke bayansa, abin da na'urar leƙe ba ta gani. Akwai kuma 'yar kyamara mai kamar kafso da ake haɗiyewa, wadda aka fara amfani da ita a 2001, sai dai tana iya maƙalewa in akwai tsukewa. Duk waɗannan mataimaka ne. Leƙen farko na bayan aiki yana nan a matsayinsa.

Masu jaka

Ɗaya babbar cutar kumburin hanji, wato gyambon babban hanji, labarinta daban ne. Ita a babban hanji kaɗai take zama, don haka in magani ya gaza akan cire shi gaba ɗaya. Don kada mutum ya dawwama da leda a ciki, Alan Parks da John Nicholls na Landan suka fito da wata dabara a 1978: a ninke ƙarshen ƙaramin hanji a yi jaka da shi, a haɗa ta da dubura, ta zama ma'ajiyar bayan gida. A 1980 Joji Utsunomiya na Japan ya sauƙaƙa ta zuwa siffar harafin J, wadda aka fi yi a yau.

Nan ma ba a rabu da Bukar ba. Kusan rabin masu jaka sukan yi fama da kumburinta ko da sau ɗaya: yawan zagayawa fiye da yadda aka saba, matsuwa, murɗa, wani lokaci jini. Abin mamaki, waɗanda aka yi wa irin wannan jaka saboda gadon tsiro a hanji ba kasafai suke samun kumburin ba, alamar cewa nan ma halin garkuwar jiki ne ke aiki. Leƙen jaka ya fi sauƙi, tafiyar gajera ce, shirin ma kaɗan ne. Likita zai duba wuri uku. In kumburin a jikin jakar yake, mako biyu na sifurofulokzasin ko metronidazol yakan wadatar. In a ɗan guntun tsohon hanjin da aka bari dab da dubura yake, tsohuwar cutar ce ta motsa, maganinta daban. In kuwa gyambuna sun haura can sama da jakar, ko ga yoyo, sai a fara tunanin ko tun asali Crohn ce. Kuka iri ɗaya, magani iri uku. A 1994 William Sandborn da abokan aikinsa a asibitin Mayo suka tsara ma'auni mai maki 18: shida ga abin da majinyaci ke ji, shida ga abin da na'ura ta gani, shida ga abin da gwajin nama ya nuna. Maki bakwai zuwa sama shi ne kumburin jaka, ka ga ke nan kuka shi kaɗai ba ya kaiwa. Waɗanda aka taɓa samun alamar kansa a hanjinsu kuwa, akan leƙa jakarsu duk shekara ko da ba sa jin komai.

A ƙasashenmu

Duk waɗannan ma'aunai an gina su ne a Turai da Amurka da Ostireliya. Likitan da ke aiki a Kano ko Zariya ko Maraɗi yana da tambayar da ke gaba da ta mataki: shin wannan ma Crohn ce? Ƙarshen ƙaramin hanjin da Crohn ke so, shi ne kuma inda taifot ke huda hanji, shi ne inda tarin fuka na ciki ya fi kamawa. Wanda aka yi wa aiki saboda taifot, in ya warke ya warke, ba ya bukatar wannan jadawali. Tarin fuka kuwa shi ne babban mai kama da Crohn, a hoto da a ido, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ya fi yawa a duniya. Akwai 'yan alamu: gyambon tarin fuka ya fi zagaya hanji, na Crohn ya fi bin tsawonsa. Amma hukunci na ɗakin gwajin nama ne.

Kuskure a nan yana da tsada. Tarin fuka na warkewa da maganin wata shida. In aka ɗauke shi Crohn aka danne garkuwar mutum, sai ya watsu a jiki, har ya kai ga rasa rai. Shi ya sa hanjin da aka yanke wajibi ne a kai shi gwaji, kada a bari a zubar ko a binne saboda kuɗin gwajin. In aka ga gyambo a leƙen bayan aiki, a gutsuri nama a nemi ƙwayar tarin fuka a ciki. Kafin a fara infiliksimab ko adalimumab, a yi hoton ƙirji da gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B, domin allurar na iya tayar da wanda ke kwance. Sannan majinyaci ya faɗi gaskiya kan abin da yake saye a kemis. Diklofenak da ibufurofen da ake sha don ciwon jiki suna fitar da ƙuraje a ƙarshen ƙaramin hanji masu kama da na i1 da i2 sak.

Na'urar leƙen hanji an fi samunta a manyan asibitocin koyarwa da wasu na kuɗi, kuma sau da yawa wanda ya yi aikin daban, wanda zai leƙa daban, wani lokaci ma a ƙasashe daban-daban ga masu zuwa Indiya ko Masar. Don haka kafin a bar asibiti, majinyaci ko mai jinyarsa ya nemi abu huɗu a rubuce: bayanin aikin da aka yi da salon haɗin, tsawon hanjin da aka cire, sakamakon gwajin naman, da ranar leƙen farko. A ɗauki hotonsu a waya, a adana na takarda, a fara tanadin kuɗin gwajin tun ana jin daɗin jiki. A babi na gaba za mu duba abin da rashin wannan sashe na hanji ke jawowa ta fuskar abinci, musamman bitamin B12, wanda a nan kaɗai jiki ke tsotsarsa.